Yaƙin Nafoliyon a kan tebur, kai kaɗai: wace doka ce za ta ɓoye maka abin da ka riga ka sani?

Ranar 16 ga Yunin 1815, kwana biyu kafin yaƙin Watalu, inda aka yi wa Nafoliyon kayen ƙarshe, wani janar na Faransa mai suna d'Erlon ya wuni yana kai da komo da mutum kusan 20,000 tsakanin fagen daga biyu a ƙasar Beljiyam ta yau. Marshal Ney, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Nafoliyon, yana jiransa a mararrabar Quatre Bras, inda yake fafatawa da Wellington, kwamandan sojojin Ingila da ƙawayenta. Nafoliyon kuma yana jiransa a Ligny, inda yake dambatawa da sojojin Furushiya. Saƙo ya karkatar da d'Erlon zuwa Ligny, yana dab da isa sai ga wani saƙon daga Ney mai zafi cewa ya juyo. Ya juyo, ya iso bayan duhu ya shiga. Bai tsinana komai ba a nan, bai tsinana a can ba.

Yanzu ka shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, ka jera 'yan sojojinka na roba ko na dalma, shuɗaye a kudu, jajaye a arewa, ka ce za ka sake buga wannan yini kai kaɗai. Kai ne Ney, kai ne Wellington. To, ina d'Erlon? Yana cikin kwali a gefen gwiwar hannunka, kuma ka san sa'ar da za ka fito da shi. Wellington ma ya sani, domin kai ne shi. Nan matsalar mai wasa shi kaɗai take. Wanda ya taɓa buga dara da kansa ya san wannan: hannun dama ba ya iya haƙa wa hannun hagu rami.

Tun farkon wannan wasa an gane haka. Lokacin da Reisswitz, hafsan igwa na Furushiya wanda shi kansa ya yi yaƙi da Nafoliyon, ya gabatar da nasa wasan yaƙin a 1824, ya sa alƙalin wasa a tsakiya. Aikin alƙalin shi ne riƙe gaskiya, ya riƙa ba kowane ɓangare iya abin da idonsa zai gani daga kan doki. Mai wasa shi kaɗai ya rasa mutum biyu a lokaci guda, abokin gaba da alƙali. Saboda haka idan za ka zaɓi littafin dokoki, tambayar da ta fi kyawun hotuna da sunan marubuci ita ce: da me wannan doka za ta ƙwace ragama daga hannuna?

Dokoki huɗu na buga da kaina har na gaji da su ko suka gaji da ni, kuma su zan auna: Black Powder, Blücher, Sharp Practice, da One-Hour Wargames. Ba girmansu ɗaya ba, ba matakin yaƙi ɗaya suke bugawa ba, shi ya sa kwatanta su yake da amfani. Duk ana amfani da ɗan lido mai fuska shida, wasu har da kati. Ba kuɗi a ciki, ba caca ba ce. Ɗan lidon yana tsaya wa abin da janar ba shi da iko a kai ne, irin su taɓo da tsoro da manzon da ya ɓata hanya.

Bari mu fara da Black Powder, na kamfanin Warlord Games, wanda Rick Priestley da Jervis Johnson suka rubuta. Ya fito a 2009, bugu na biyu a 2018. A nan kowace ƙungiya a tebur bataliya ce ta dakaru, ko rukunin mahaya, ko igwa. Ana tara su birged-birged, kowace birged da kwamandanta, kuma kowane kwamanda da lambar ƙwarewarsa, wadda ga matsakaicin mutum 8 ce. Kafin ka motsa bataliya sai ka furta umarnin da baki, sannan ka jefa 'ya'yan lido biyu. Idan jimlar ta wuce lambar kwamandan, umarni bai isa ba, kuma wannan kwamandan ya gama magana a wannan zagaye. Idan ta yi daidai ko ta gaza da ɗaya, tafiya ɗaya. Ta gaza da biyu, tafiya biyu. Ta gaza da uku ko fiye, tafiya uku. Shida da shida kuwa kwaɓa ce: sai a duba jadawali, wataƙila bataliyar ta ja da baya, wataƙila ta yi gefe, wataƙila ta afka wa abokan gaba ba a aike ta ba.

Mu yi lissafi, domin a nan daɗin yake. 'Ya'yan lido biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. Ga kwamanda mai lamba 8, hanya 10 za su ba ka tafiya uku, 5 tafiya biyu, 11 tafiya ɗaya, sauran 10 kuma umarni bai isa ba, har da kwaɓar nan guda. Wato damar da birged ɗinka take da ita ta yi tsalle ta ƙetare fili kusan daidai take da damar ta tsaya cak kamar an dasa ta. Ga mai wasa shi kaɗai wannan alheri ne. Ko ka san shirin ɓangarorin biyu, ba ka san wanda zai isa gonar Gemioncourt, a fagen Quatre Bras, da fari ba. Na taɓa shirya wa mahayan Kellermann, janar ɗin dawakin Faransa, harin da na tabbata zai farfasa sahun Ingilishi, suka ƙi motsi zagaye uku a jere, har dakarun da ke gabansu suka samu sararin gyara tsayuwa. Babu abokin wasan da zai ɓata mini rai kamar yadda waɗannan ƙwayoyi biyu suka yi.

Amma ka lura da abin da Black Powder bai ɓoye ba. Komai yana kan tebur a fili. Ba ka san ko umarni zai isa ba, amma ka san umarnin. Abokin gabanka ba ya taɓa yi maka dabara, sai dai ya yi jinkiri ko ya yi gaggawa. Sannan ga maganar wuri. An rubuta dokar ne da sojoji masu tsayin milimita 28 a zuciya, da manyan tebura. Dakaru suna tafiyar inci 12 a motsi ɗaya, mahaya inci 18. Mahayin da ya samu tafiya uku zai ci inci 54, alhali faɗin teburin da yawancin mutane ke da shi ƙafa huɗu ne, inci 48. Ya faɗo ƙasa ke nan. Maganin da aka saba shi ne a yi amfani da ƙananan sojoji a mai da kowane inci santimita, sai teburin cin abinci ya zama fili mai faɗi. Ni ma haka nake yi, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Blücher, na Sam Mustafa, ya fito a 2015, kuma yana zaune ne a wani bene daban. A nan ƙungiya ɗaya birged ce sukutum, dubban mutane, kai kuma kai ne mai rundunar gaba ɗaya. Ba ruwanka da wace bataliya ce ta yi sahu, wacce ta yi jerin gwano. Abin da za ka iya kawai shi ne ka ce wa dakaru su yi shirin tarar dawaki. Kowace birged tana da 'yan lambobi na ƙarfin zuciya da ke raguwa da kowane artabu, ko ta ci ko an ci ta, har ta gaji. Wannan shi ya fi kama da yaƙin zamanin a ganina: wanda ya rage da sabbin mutane da la'asar shi ke da fili. Wasan zagaye 30 ne, goma sha biyar-biyar, daga safiya zuwa duhu, don haka agogo ma abokin gaba ne.

Abu biyu ne suka sa Blücher ya yi suna, kuma abin haushi, su biyun ne suka fi shan wahala idan babu mutum na biyu. Na farko, rundunoni suna fara wasa a matsayin kati a kife. Abokin gaba yana ganin akwai wani abu a bayan tudu, bai san ko mahaya masu sulke ba ne ko sabbin ɗauka. Na biyu shi ne yadda ake motsi. Abokin wasanka ne yake jefa maka 'ya'yan lido, biyu ko uku, ya kife kofi a kai. Kana motsa sojoji kana kashe maki: ɗaya-ɗaya ga kowace birged idan ka motsa su tare a matsayin babbar runduna, biyu idan ka ware guda ita kaɗai. Shi kuma yana leƙa ƙarƙashin kofi, da zarar ka cinye abin da ke ciki sai ya ɗaga ya ce ya isa. Ba ka taɓa sanin ko saura motsi ɗaya ko biyar ba, dole ka fara da abin da ya fi muhimmanci. Dabara ce mai kyau ƙwarai. To wa zai leƙa maka kofin?

Na gwada hanya uku. Ta farko ita ce wadda aka fi yi: bayan kowane motsi ka sake jefa ƙwayoyin, idan jimlar ba ta wuce abin da ka kashe ba, zagaye ya ƙare. Tana aiki, sai dai tana gajarta zagaye, domin kana ba ƙaddara dama sau da yawa ta tsayar da kai maimakon sau ɗaya. Matsakaicin jimlar ƙwayoyi uku 10 da rabi ne, amma da wannan hanya da wuya ka riƙa kaiwa can in kana motsi ƙanana-ƙanana. Ta biyu ni na ƙirƙira wa kaina a wani hutun damina. Na yanka kwali na yi tari goma sha biyu, kowane tari kati 18. Ga kowane tari na jefa ƙwayoyi uku, na bar katunan sama farare, daga lambar da ta fito zuwa ƙasa na shafa musu ja. Na ɗaure kowanne da roba, na cakuɗa tarin. A kowane zagaye sai in ɗauki tari ɗaya, in buɗe kati ɗaya ga kowane maki da na kashe. Ja ya fito, na tsaya. Wannan daidai yake da kofin, ba ragi ba ƙari, sai dai aikin shiryawa. Ta uku ta fi duka sauƙi: kowa a gida zai iya riƙe kofi. Ɗiyata ba ta san Ney ba, ba ta san Beljiyam ba, amma ta iya ƙirga, kuma ban taɓa ganin abin da ke faranta mata rai kamar ta ce “Baba, ya isa” a daidai lokacin da na kusa rufe tarko ba.

Katunan kife kuwa suna da magani rabi. Ka cakuɗa katunan kowace babbar runduna ta abokin gaba, ka jera su ba tare da ka duba ba, har ka ƙara biyu ko uku na bogi. Wani lokaci za ka tarar igwa ta faɗa tsakiyar daji inda babu mai hankalin da zai kai ta. Ni nakan ba kaina izinin musanya kati ɗaya a kowane wasa idan abin ya zama shirme, ba fiye ba.

Akwai wata fa'ida ta Blücher da ta shafe mu musamman. Ana iya buga shi da kati zalla, babu mutum-mutumi ko ɗaya. Har an buga kwalin kati na yaƙin 1815 da rundunonin Faransa da Furushiya da na Wellington. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye siffofin mutane a ɗaki ba, ko wanda mutanen gidansa za su yi magana, wannan ya raba gardama. Haka ga wanda kuɗin aiko da kaya daga Ingila da na kwastan ya fi ƙarfinsa: kwali da firinta da almakashi sun isa.

Sharp Practice, na TooFatLardies, ya sauko ƙasa sosai. Ya fito a 2008, aka sake shi a 2016. Mutum arba'in zuwa sittin a kowane ɓangare, kowane ɗan soja mutum ɗaya ne, ana haɗa su takwas-takwas ga dakarun sahu, shida-shida ga maharban da ke warwatsuwa a gaba. Abin da ke tafiyar da wasan shugabanni ne, kyaftin da laftana da saje. Kowannensu yana da kati ko ƙwaya a cikin jaka. Ka zura hannu ka zaro. Wanda ya fito shi zai yi aiki. A cikin jakar akwai katunan tuta da ake tarawa don ƙara wa shugaba ƙarfi, akwai kuma kati guda mai suna Tiffin, wanda in ya fito zagaye ya ƙare, ko da rabin shugabanni ba su ce uffan ba. Tuta uku suka fito a jere, sai wani abu ya faru ba zato: hayaƙi ya toshe gani, wani ya zame, ƙishirwa ta kama mutane. Sojoji kuma ba sa farawa a tebur, suna fitowa ne daga wasu wurare da aka sa wa alama, lokacin da katin shugabansu ya fito.

In gaskiya ake so, cikin huɗun nan babu wanda ya kai shi dacewa da mutum ɗaya, kuma ba sai ka gyara masa komai ba. Dalili shi ne yana yanka tunaninka gunduwa-gunduwa. Ba a tambayarka mene ne shirin Faransa. Ana tambayarka ne: ga wannan sajen, a bayan wannan katanga, mutanensa sun firgita, me zai yi yanzu? Amsar irin wannan tambaya yawanci a fili take, kuma son kai ba ya samun ƙofar shiga. Kafin ka ƙulla wa wani ɓangare makirci, jaka ta miƙa maka ɗayan. Wasan yana haifar da labari da kansa. Har yau ina tuna wani laftana na Faransa da na aika ƙwato alfadarai a wani ƙauyen Sifen, katinsa ya ƙi fitowa zagaye huɗu, na yanke cewa ya samu inuwa ne ya yi barci.

Sai dai ka san abin da kake saya. Wannan ba manyan yaƙe-yaƙen Nafoliyon irin su Austerlitz ko Leipzig ba ne. Nafoliyon ba zai taɓa bayyana a teburinka ba. Yaƙin neman abinci ne da tsaron gada da kwanton ɓauna, irin wanda ya cika Sifen da Fotugal tsakanin 1808 da 1814. Idan Quatre Bras ce a ranka, iyakar abin da Sharp Practice zai ba ka shi ne wani lungu na dajin Bossu, ko 'yan maharba suna laluben juna a gonar hatsin da ya kai tsayin mutum. Yana kuma cin kayan ado: gidaje, shinge, bishiyoyi, keken shanu. A fili fetal ba ya daɗi. Kuma akwai ƙananan dokoki da alamomin firgici da za ka riƙa bi wa ɓangare biyu, wanda bayan awa uku yakan sa kai ya yi nauyi.

Na huɗun ɗan ƙarami ne. One-Hour Wargames na Neil Thomas, 2014, littafi ne guda mai zamani tara, kowane zamani da dokarsa a shafi biyu zuwa uku, da yanayin yaƙi 30. Tebur ƙafa uku a kan uku, ƙungiya shida ko ƙasa da haka a kowane ɓangare, zagaye 15, kuma ɗan lido ne yake zaɓa maka irin rundunar da za ka samu. Kowace ƙungiya tana ɗaukar rauni 15 kafin a ɗauke ta, kuma tana faɗa da cikakken ƙarfi har zuwa na ƙarshe, abin da ba ya kama da gaskiya ko kaɗan. Babu dokar umarni: duk abin da ka ce, sojoji za su yi. A ma'aunin da na kafa a sama, shi ne mafi rauni. Amma yanayoyin nan 30 zinariya ne, domin da yawansu suna ɗaure ɓangare ɗaya da sharaɗi, wannan ba zai motsa ba sai zagaye kaza, wancan taimako zai zo masa ta wata hanya, kuma sharaɗin kan yi rabin aikin abokin gaba. Ko ka bar dokokinsa, za ka ci gaba da ɗebo yanayoyinsa kana bugawa da Black Powder. Ni haka na yi.

Yanzu maganar da masu sayar da kaya ba sa son yi. Mai wasa shi kaɗai shi zai sayi runduna biyu, shi zai fente su. A Black Powder bataliyar da aka saba mutum 24 ce. Bataliya goma sha biyu a kowane ɓangare, wato 288 sau biyu, 576 ke nan, ba a sa doki ko igwa ba. Idan kana gama takwas a mako, wanda ga mai aiki da iyali ƙoƙari ne, mako 72 ke gabanka kafin wasan farko. Kuma kayan sojan Nafoliyon ba kakin zamani ba ne: farin maɗauri a ƙirji, kalar wuya daban, ta hannu daban, gashin hula daban. Sharp Practice mutum ɗari ne jimla, wata uku a wannan saurin. One-Hour Wargames ƙungiya goma a kowane ɓangare ta rufe duk abin da jadawali zai nema, kuma kai za ka yanke yawan mutanen da ke kan kowace. Blücher da kati, daren yau.

Girman 'yan sojan ma zaɓi ne da ke bin dokar. Milimita 28, irin na kamfanin Perry ko Victrix, su ne masu kyan gani, kuma Sharp Practice ya cancance su tunda kowane mutum yana da fuska. Ga manyan yaƙe-yaƙe, milimita 6 irin na Baccus sun fi hankali: ba a fenta maɓalli, ana fenta taro ne, kuma birged a kan ɗan katako tana kama da birged. A tsakiya akwai na roba masu ma'aunin 1/72, irin na Italeri da HäT da Zvezda, masu araha da sauƙin nauyi a aike, sai dai fenti yana ɓarewa daga bindigoginsu in ba a wanke su da sabulu an shafa musu gam mai ruwa kafin a fara ba. Abin da na koya da wahala shi ne, a lokacin hunturu fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin soja, ƙura kuma tana sauka a kan wanda bai bushe ba. Jiƙaƙƙen soso a ƙarƙashin takardar da kake dama fenti, da kwali mai murfi, sun magance duka biyun. Mai wasa shi kaɗai yana da gata guda: yana iya barin yaƙi a shimfiɗe kwana uku. Amma sai in yana da ɗakin da yara da kyanwa ba sa shiga.

Ko wacce ka ɗauka, akwai cutar da doka ba ta warkarwa, wato ɗan lele. Za ka so ɓangare ɗaya. Ni Faransawa nake so, ban san dalili ba, kuma na kama kaina sau da yawa ina ce wa ƙwayar da ta faɗi ba daidai ba “ai ta jingina da bishiya, a sake.” Abin da ya taimake ni shi ne rubutu. Kafin wasa nakan rubuta wa abokin gaba shiri uku masu ma'ana, hari ta dama, hari ta tsakiya, ko tsaro har taimako ya zo, in sa kowanne a ambulan. Sai in jera nawa sojojin in rubuta nawa umarnin, sannan in zari ambulan guda. Charles S. Grant ya gina littafi sukutum a kan irin wannan tunani a 1983, Programmed Wargames Scenarios, inda abokin gaba yake da jadawalin jeri da na martani, kuma yana shiga kowace doka. Ga zuwan taimako kuma, kwalayen ashana iri ɗaya sun isa: takarda a cikin kowanne, wasu babu komai, a buɗe ɗaya a kowane zagaye.

Wannan ya dawo da mu Quatre Bras, wanda a ganina shi ne yaƙin da ya fi dacewa da gwaji. Da safe mutum kusan 8,000 na rundunar Perponcher, ta ɓangaren Wellington, ne kawai ke riƙe da mararrabar, da igwa 16. Ney bai kai hari ba sai wajen ƙarfe biyu na rana. Rundunar Picton, janar na Wellington, ta iso wajen uku, sai Jamusawan Brunswick, waɗanda shugabansu ya mutu a wurin, sai wasu, sai dakarun gadin sarkin Ingila da yamma. Yaƙi ne na wa zai iso, yaushe. Da Black Powder za ka ji zafin rana: mahayan Faransa masu sulke sun faɗa wa bataliyar Ingila ta 69 kafin ta gama shiri, tuta ta tafi. Da Blücher yaƙin ya yi ƙanƙanta shi kaɗai, amma ka haɗa shi da Ligny a tebur ɗaya ko biyu, ka sa d'Erlon a kwalin ashana, sai ka ga abin da aka yi dokar dominsa.

To wanne? Idan ba ka taɓa yi ba, kada ka sayi soja ko ɗaya tukuna. Nemi One-Hour Wargames, yanka kwali, buga yanayi biyar. Wasu suna gane cewa zaman shiru da tebur ba nasu ba ne, gara su gane da araha. Idan ka wuce nan kuma abin da ke jan ka shi ne mutane da labarinsu da fenti, Sharp Practice ne, ba tare da wata-wata ba. Shi kaɗai ne za ka buɗe ka buga yadda aka rubuta shi. Idan kana son ganin sahu-sahu da tutoci, kana da tebur da haƙurin shekara, Black Powder da ƙananan sojoji da ambulan uku. Ba zan ba wanda yake shi kaɗai shawarar ya fara shi da milimita 28 ba, na ga kwalaye da yawa da ba a buɗe ba a saman kabad.

Ni dai Blücher na zauna a kai, duk da shi ya fi neman gyara. Dalilina shi ne sauran ukun suna hana ni sanin abin da zai faru a minti biyar masu zuwa, shi kuwa yana tilasta mini tambayar da ta dami janar-janar ɗin 1815: in jefa ajiyata yanzu ko in jira, alhali ban san saura nawa rana ta ba ni ba. Wasan da ke kan teburina yanzu yana zagaye na 17. Picton ya iso a makare, Gemioncourt tana hannun Faransa, mahayan Kellermann ba su taɓa kowa ba tukuna. Kwalayen ashana huɗu suka rage a gefen Ney, ɗaya daga cikinsu d'Erlon ne, kuma mai riƙe mini kofi ta tafi islamiyya sai bayan la'asar.